Yadda Ake Gyaran Ƙaramin Banɗaki da Kayan Kwance, Aljihu Bai Yi Kuka Ba

Banɗakin da na gyara faɗinsa mita ɗaya da rabi ne, tsawonsa mita 2, irin wanda in ka miƙe hannuwanka biyu sai ka taɓa bango da bango. Abin da ya tashe ni tsaye ba wai son ƙawa ba ne, ruwa ne yake kwanciya a lungun bayan ƙofa duk lokacin da aka yi wanka sai an sa tsintsiya an kore shi, kuma fentin bangon ɗakin da ke jingine da shi ya fara kumbura yana ɓarewa kamar ɓawon albasa. Masai, sinki, ƙofa, madubi, da kusan duk tayil ɗin da na sa, na kwance ne, wato waɗanda aka cire daga wasu gine-ginen ko ragowar aikin wasu. Kuma ƙa'ida ɗaya na riƙe tun daga farko, ita nake so kai ma ka riƙe: abin da ido zai gani, hannu zai iya cire shi gobe, wannan ka saye shi tsoho ba komai. Abin da za a binne cikin bango ko ƙarƙashin daɓe kuwa dole ya zama sabo, kuma sai an gwada shi kafin a rufe.

Ka fara gano inda ciwon yake

Kar ka ɗauki guduma tukuna. Ka zagaya ta bayan bangon banɗakin ka duba, in bene ne ka sauka ƙasa ka ɗaga kai ka kalli silin. Danshi, farin gishiri-gishirin nan da ke fitowa a jikin filasta, baƙin funfuna, duk suna gaya maka ta inda ruwa ke bi. Sai ka rufe duk famfunan gidan ka sa alama a mita ko a tankin ruwa, bayan awa biyu ka dawo, in ya motsa toh akwai fayif ɗin da ke yoyo a ɓoye. Ɗan tankin masai kuma ka ɗiga masa wani abu mai kala, kar ka ja ruwa, in bayan minti 20 kalar ta bayyana a cikin kwanon ka san robar ciki ta mutu.

Daga nan ka ɗauki sukundireba ka riƙa ƙwanƙwasa tayil ɗaya bayan ɗaya da ƙotarta. Wanda ya kama da kyau ƙararsa a toshe take, wanda ya saki kuma zaka ji yana amsawa kamar ganga. Ka sa wa masu amsawar alama da alli. In ƙalilan ne kuma babu yoyo, wallahi ba sai ka fasa duka ba, ka canja waɗancan kawai ka huta.

Shawara mafi ceton kuɗi a duk aikin nan ita ce ka bar masai a inda ka same shi. Fayif ɗinsa shi ne mafi kauri, inci 4 wato milimita 110, kuma matsar da shi na nufin fasa daɓe har ƙasa da sake neman gangara. Sinki da shawa suna da sauƙin matsarwa tunda ƙananan fayif gare su, amma masai a bar shi ya zauna lafiya.

Awo, kuma ka rubuta a takarda

Ka zana banɗakin a takarda da duk awonsa, har faɗin ƙofa da tsayin taga, ka ɗauki hotonta a waya domin duk inda ka je neman kaya tana tare da kai, da tef ɗin awo a aljihu. Awon da ya fi kowanne muhimmanci shi ne na bakin fayif ɗin masai. In a ƙasa yake, ka auna daga bango zuwa tsakiyar ramin, yawanci santimita 30 ne amma akwai na 25 akwai na 35, kuma ka tuna da kaurin tayil ɗin da za ka ƙara wa bangon. In ta bango yake fita, ka auna daga ƙasa zuwa tsakiyarsa, galibi wajen santimita 18. Masai mai fita ta ƙasa daban, mai fita ta baya daban, mutane da yawa sun ɗauko masai mai kyau a araha sun kawo gida sannan suka ga bakinsa wani wajen yake kallo.

Sauran awon da nake aiki da su: daga tsakiyar masai zuwa bangon gefe kar ya gaza santimita 38 zuwa 40, gabansa a bar filin santimita 60 ko kusa da haka saboda gwiwa, sinki kuma bakinsa na sama ya tsaya a santimita 80 zuwa 85 daga ƙasa.

Ga lissafin tayil. Ƙasan ɗaki irin nawa murabba'in mita 3 ne, tayil mai 30 da 30 guda 11 da ɗan ɗoriya ne ke rufe murabba'i ɗaya, kaga 34 kenan, amma tunda na kwance ne wasu za su fashe wajen kankara, ka ƙara kashi 20 cikin ɗari ka nemi 40 ko 41. Bango kuwa ba dole sai ka kai tayil har silin ba. In za a rufe shi duka kana neman murabba'i 15, amma in ka tsaya a mita 1.2 ko'ina, wajen shawa kaɗai ka ɗaga zuwa mita 2, wajen murabba'i 9 ya ishe ka, sauran saman a yi masa fenti.

Farautar kaya

Wannan matakin haƙuri yake so, ni sai da na yi kusan wata biyu ina tarawa a hankali kafin na taɓa bango. Kuma haka ya kamata, ka tara kayan tukuna sannan ka tsara banɗakin a kan abin da ka samu, ba ka ƙulla wata kala a ranka ka yi ta yawon nemanta ba. Wuraren dubawa: inda ake rushe tsohon gini, gidaje da otal da ofisoshin da ake sabuntawa, masu sayar da tayil waɗanda kullum suna da ragowar katan biyu uku na samfurin da ya ƙare ba mai saye, masu yanka dutsen giranit da mabul da ke tara gutsattsari a gefe, masu sayar da kayan kwance, da 'yan uwa da abokai da suka gama gini ragowar kaya na tare musu sito. Ka riƙa gaya wa magina da masu aikin famfo abin da kake nema, su ne suke fara sanin inda za a cire kaya. In ka ga abu ya yi daidai da awonka ka ɗauke a lokacin, a bari ya huce shi ke kawo rabon wani.

Masai: ka fito da shi rana, ka goge ƙurar, ka bi shi da ido da yatsa musamman wajen ramukan noti na ƙasa da inda tanki ke zama da wuyan baya. Tsaga siririya kamar gashi ba ta ganuwa sosai, sai ka shafa garin gawayi da ɗan ruwa ka goge, in akwai tsaga baƙin layi zai fito. Ka ƙwanƙwasa shi a hankali, lafiyayye yana ƙara ƙyal kamar kofin tangaran, mai tsaga kuma ƙararsa a mace take. Ka zuba ruwa a kwanon ka ga ko ya tsaya a wuyan bai ragu ba. In ya tsage a bar shi ko kyauta aka ba ka, ba gam ɗin da zan yarda da shi a kan abin da mutum zai zauna da nauyinsa, tangaran in ya fashe kaifinsa kamar reza ne. Ka kuma lura da girman tankin, na da can suna zubar da lita 13 ko fiye a ja ɗaya, na yanzu lita 6 ne, in ruwa na yi maka wuya ka nemi na baya-bayan nan.

Sinki ma haka ake duba shi. Kan famfo kuma ka ɗaga ka ji nauyinsa, na tagulla mai nauyi ko ya tsufa ya fi sabon mara nauyi da ke karyewa a wuya, ka dai murɗa ka ga zarensa bai cinye ba.

Tayil: abu na farko ka bambance na ƙasa da na bango. Na bango siriri ne mai sheƙi, in ka shimfiɗa shi a ƙasa ruwan sabulu ya hau kai ka haɗa tarko a gidanka. Ka jiƙa yatsa ka goga a fuskar tayil ɗin, in ya zarce suuu toh ba na ƙasan banɗaki ba ne. Ka juya bayansa, wanda aka manna da siririn gam ko wanda tsohon simintinsa ke ɓarewa da farce shi ne abin so, wanda siminti mai kauri ya kama shi gam zai ci maka lokaci da yawa, rabi kuma ya fashe.

Gilashi: dan Allah kar ka ɗauki gilashin tsohuwar taga ka yi katangar shawa da shi. In ya fashe dogayen wuƙaƙe yake zama. Gilashin shawa gasasshe ne na musamman wanda in ya fashe yake zama ƙanana kamar tsakuwa, yawanci akwai tambari a kusurwarsa, kuma ba a yanka shi bayan an gasa, dole ka samu daidai awonka. In ba ka samu ba labulen leda da sandar ƙarfe sun wadatar, ni ma shi na sa.

Waɗanda ba a saye tsofaffi ko an roƙe ka: fayif da mahaɗansu, duk wata roba, tiyon da ke kai ruwa sinki da masai, kayan cikin tankin masai da murfin zama, wayar wuta da makunni, gam, silikon, maganin hana ruwa, da siminti. Simintin da ya daɗe ya fara dunƙulewa ƙarfinsa ya tafi. Tsohon fayif ɗin ƙarfe kuma ta waje lafiya lau, ka leƙa cikinsa ka ga tsatsa ta cike rabin hanya.

Wanke su

Baƙin layi da farin dattin ruwa da ke kama masai da sinki, ruwan khal ne maganinsu. Ka jiƙa tsumma da shi ka lulluɓe wurin ya kwana, da safe ka goge da buroshi. Bayan ka ɗauraye sosai da ruwa, sannan ka bi da bilic don kashe ƙwayoyin cuta. Kar ka taɓa haɗa bilic da khal ko wani asid a lokaci ɗaya, iskar kulorin suke fitarwa kuma a ƙaramin ɗaki tana iya kwantar da mutum.

Tayil masu tsohon siminti ka jiƙa su a baho kwana ɗaya ko biyu, ka kifa kowanne a kan yashi ko tsohon bargo, ka kwantar da cizal kusan a kwance ka riƙa bugawa a hankali daga gefe zuwa tsakiya. Mai taurin kai a bi shi da giranda. Aiki ne mai gajiyarwa, ni guda goma nake yi a yamma ɗaya in tashi. Kana gamawa ka ware su kashi-kashi bisa kauri da girma, domin biyu da aka ce duka 30 da 30 ne in kamfaninsu daban sai ka tarar da bambancin milimita biyu uku.

Fasawa

Ka rufe ruwa daga babban famfo, ka kashe wutar ɗakin daga bireka. Takunkumi mai kyau, tabarau, safar hannu, takalmi mai rufi. Ƙurar tayil da siminti tana lalata huhu a hankali, shi ya sa ake yayyafa ruwa wajen fasawa da yanka. In ginin tsoho ne ka kula da abu biyu. Silin ɗin asbesto, wanda ƙurarsa ke jawo mummunar cutar huhu har Ingila ta haramta shi gaba ɗaya a 1999, kar ka yanka shi kar ka goge shi, in bai lalace ba a yi masa fenti a ƙyale shi, in dole sai an cire a nemi waɗanda suka san aikin. Na biyu tsohon fenti mai dalma, Amurka ta hana shi a gidaje tun 1978 amma ba ko'ina aka hana ba, saboda haka tsohuwar ƙofar da ka samo kar ka goge fentinta a bushe yara na kusa, ka jiƙa samfefa kuma ka yi a waje.

Ka cire masai da sinki a hankali, wataƙila wani ya saya ka rage asara. Kana ɗaga masai ka cusa tsumma cikin leda ka toshe bakin fayif ɗin, yana hana wari da iskar masai shigowa, yana kuma hana ɓaraguzai faɗawa, domin gutsuren tayil ɗaya in ya maƙale a can ciki ka ja wa kanka aikin da ya fi wanda ka fara.

Fayif da wuta

Nan ne wurin kashe kuɗi, kuma nan ne in ba ka iya ba ka kira mai aikin famfo ka tsaya a kansa. Fayif ɗin zubar ruwan sinki milimita 32 zuwa 40, na magudanar ƙasa 50, kuma kowanne ya gangara wajen santimita 2 a kowace mita. Kowace magudana ta samu lanƙwasar nan mai riƙe ruwa, wannan ɗan ruwan shi ne ƙofar da ke hana wari da kyankyaso fitowa, yawancin banɗakin da ke wari duk wankin da ake masa magudanar ƙasansa ce ba ta da ita. Duk mahaɗi mai zare a naɗa masa farin tef ɗin famfo ta ɓangaren da ake ɗaurewa. Ka kuma sa ƙaramin makulli a bakin ruwan masai da na sinki, ranar gyara ba sai ka rufe wa gida duka ruwa ba.

Kafin a shafe bango, a toshe bakunan a buɗe ruwa a bar shi ya kwana. Da safe ka naɗa busasshen tishu a kowane mahaɗi ka duba, ko ɗigo ɗaya ka gani a sake. Sannan ka ɗauki hoton bangon da tef ɗin awo a jiki, ranar da za ka huda don rataya madubi za ka san inda fayif ya bi.

Wuta kuwa ba wajen gwada basira ba ne, a kira mai wayarin. Soket ya yi nesa da shawa, in ba dole ba ma a bar shi a waje tare da makunnin. Fitila ta zama mai rufi wadda aka rubuta IP44 ko sama da haka a jikinta, layin banɗakin kuma a sa masa RCD mai miliam 30, ita ce birekar da ke yanke wuta nan take in ta fara bi ta jikin mutum ko ta ruwa. In akwai hita a tabbatar da wayar at ɗinta, wato wadda ke kai wuta cikin ƙasa in ta zille.

Daɓe da hana ruwa shiga

A nan na yi kuskuren da ya sa nake nanatawa. Karon farko da aka yi mini daɓe ban tsaya ba, mai aikin ya ce ya ba shi gangara, ni kuma na yarda da ido. Bayan kwana uku na zuba bokiti ɗaya, sai na ga ruwan ya nufi ƙofa yana ta tafiyarsa, magudana na can a bushe. Dole aka sake, Allah ya taimaka ba a kai ga sa tayil ba.

Yadda ake yi shi ne, ka share ƙasan ka jiƙa shi, ka shafa ruwan siminti mai kauri don sabon ya kama tsohon. Ka kwaɓa siminti ɗaya yashi huɗu, ba ruwa-ruwa ba, irin wanda in ka dunƙula a hannu zai tsaya bai zubo ba. Ka sa alama a bango da lebul, gangarar santimita ɗaya da rabi zuwa 2 a kowace mita zuwa magudana, kaga a ɗaki mai mita 2 bakin ƙofa zai fi magudana tudu da santimita 3 zuwa 4. Ko a wajen magudanar kar kaurin daɓen ya gaza santimita 2 zuwa 3. Ka bi da miƙaƙƙen katako kana jan sa kana duba lebul ta kowace fuska. Inda bango ya haɗu da ƙasa ka ɗan cike kusurwar ta zama mai lanƙwasa. Ka riƙa yayyafa masa ruwa kwana uku, ka bar shi aƙalla sati, sannan ka zuba bokiti ka tsaya ka ga inda ruwan ya nufa da idonka.

Yanzu maganin hana ruwa. Mutane na ɗauka tayil ne ke tare ruwa, a'a, ruwa na bi ta tsakaninsu a hankali, sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, abin da ke ƙarƙashin tayil ɗin shi ne mai tsaron. Akwai irin na siminti da ake haɗa gari da ruwansa a shafa da buroshi, shi ne mafi sauƙi ga wanda bai saba ba. Shafi biyu ake yi, na farko a tsaye, in ya sha iska na biyu a kwance domin ya rufe inda na farkon ya tsallake. Ƙasa duka, bango a hau da shi aƙalla santimita 15 ko'ina, wajen shawa kuma har mita 1.8. Kusurwoyi da kewayen fayif da bakin magudana a ƙara musu ƙyallen raga da ake sayarwa don haka, domin ta nan yoyo ke farawa kusan kullum. Ka karanta abin da aka rubuta a jikin robar game da lokacin bushewa ka bi shi.

In ya bushe ka toshe magudana, ka yi ɗan shinge a bakin ƙofa, ka cika ƙasan da ruwa kamar santimita 3, ka ja layi da fensir a bakin ruwan. Awa 24. In ya sauka daga layin sosai ko ka ga danshi ta waje, a ƙara shafi a sake gwadawa.

Sa tayil

Tunda tayil ɗinka kala-kala ne, ka shimfiɗa su a ƙasa a waje tukuna ba siminti, ka yi ta juya su har tsarin ya kwanta maka, ka ɗauki hoto. Abin da na gani yana aiki: kala ɗaya a ƙasa gaba ɗaya, mafi yawan da ka samu ya zama jikin bango, ƙalilan masu ado su zama layi ɗaya da ya zagaye ɗakin ko su rufe bangon shawa kaɗai, sai ya zama kamar da gangan aka tsara. In ka warwatsa su ko'ina ne yake nuna kame-kame. Masu haske su fi yawa, ƙaramin ɗaki in ya yi duhu ƙara matsewa yake.

Ka fara da bango. Ka kafa miƙaƙƙen katako a kwance da lebul a tsayin layi na biyu, ka hau daga kansa, layin ƙasa sai an gama tayil ɗin ƙasa a yanko shi ya zauna a kai. Gam ɗin tayil ya fi siminti zalla kamawa a kan maganin hana ruwa. Ka shafa shi da cokali mai haƙora, ka kuma shafa wa bayan tayil ɗin, a nan ne kake gyara bambancin kauri, siriri a ƙara masa, mai kauri a rage. Ka ɗora katako a fuskarsu kana dubawa kar wani ya fi wani fitowa. Tazara tsakaninsu milimita 3, in girmansu ya bambanta sosai ka kai 4 ko 5 domin faɗin layin ya shanye bambancin. Yankakku su tafi lungu da bayan masai inda ido ba ya zuwa.

Ƙasa kuma ka fara daga magudana, tayil ya bi gangarar, bakin magudanar ya ɗan fi tayil ƙasa kaɗan. Ƙananan tayil sun fi bin gangara kuma sun fi riƙe ƙafa. Waɗanda suka fashe wajen kankara ma kar ka zubar, ni da su na yi ƙasan wajen shawa, na goge kaifin kowane gutsure da dutse na jera su kusa da kusa, kuma duk wanda ya shiga nan idonsa ke fara sauka.

Bayan awa 24 a cike tsakanin da garin girawut, a tura shi ciki sosai da roba, a goge da soso mai ɗan danshi kafin ya ƙame. Kusurwoyi kuwa, bango da bango da bango da ƙasa, silikon ake sawa mai hana funfuna, domin gini na ɗan motsi kuma girawut a kusurwa tsagewa yake.

Ɗaura kaya

Ka ajiye masai a wurinsa ka yi alamar ramukan, ka ɗauke ka huda. Wajen huda tayil ka manna tef ɗin takarda don kar bakin ya zame, ka kashe bugun injin hudar har sai ka wuce tayil ɗin. Ka cire tsumman nan, kar ka manta da shi, ka sa sabuwar robar haɗi, ka zaunar da masan. Notin a ɗaure su kaɗan-kaɗan wannan gefe da wancan, da zarar ya daina motsi ka tsaya, ƙarin murɗa ɗaya na iya tsaga shi. Ni ban yarda a binne gindin masai da siminti ba, noti da silikon sun isa kuma gobe za a iya cire shi lafiya. Sai sabbin kayan tanki da sabon murfi, ka ja ruwa sau biyar kana shafa bayansa da hannu.

Sinkina a kan tsohon ƙaramin tebur na katako mai ƙwari na ɗora shi. Na rage ƙafafun har tsayin ya yi daidai, na fafe bayansa don fayif, na shafa masa banish mai hana ruwa sau uku har ƙasan ƙafafun da cikin inda aka yanka, na ɗora gutsuren giranit a sama, na sa masa takalman roba don kar ya zauna cikin ruwa, sannan na ɗaure shi da bango. Amma fa katakon gaske, ba na garin katako da aka matse ba, wannan yana jin ruwa yake kumbura. In wurin ya matse sosai, sinki na rataye a bango ya fi, ƙasa na buɗe wanki na sauƙi.

Saman bango da silin a kankare funfuna a wanke da bilic, ya bushe sarai, sannan fenti mai ɗan sheƙi da ake iya gogewa, shafi biyu. Ƙofa in da hali ta riƙa buɗewa waje, ka samu fili kuma in wani ya faɗi a ciki ba zai tokare ta ba. Ka rage ƙasanta santimita ɗaya da rabi saboda iska, ka shafe wurin yankan da fenti sosai tunda ta nan take fara ruɓewa. Taga ta riƙa buɗuwa, in babu taga a sa fankar fitar da iska wadda bakinta ke fita waje ba cikin silin ba. Madubi babba yana sa ɗakin ya yi kamar ya ninka, na kwance in gefensa ya yi baƙi mai yankan gilashi zai rage maka shi, ka rataye shi da ɗan tazara daga bango don danshi kar ya kwanta a bayansa.

Silikon yana son awa 24 kafin ruwa ya taɓa shi, girawut kuma a ba shi kwana biyu zuwa uku kafin wankan farko. Satin farko kullum da daddare ka shimfiɗa busasshiyar takarda a ƙarƙashin sinki da bayan masai, da safe ka ɗaga ka duba, in ka ga ɗigo yawanci noti ne ke neman kwata ɗin murɗi ko roba ce ba ta zauna daidai ba, ka rufe ƙaramin makullin nan ka kwance ka sake zaunar da ita.